Tantance asibiti da alƙaluma: wa ake yi wa wannan ƙidayar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Asibitin da nake aiki mai zaman kansa ne, kuma ya shiga shirin neman takardar tantancewa. An tara mu an ce daga wata mai kamawa kowane sashe zai riƙa miƙa alƙaluma ƙarshen wata. Namu na ɗakin haihuwa: mata nawa aka yi wa tiyata, nawa ne ɗinkinsu ya yi ruwa, minti nawa aka ɗauka daga lokacin da likita ya ce a shiga tiyata zuwa fitowar jariri, nawa suka zubar da jini, jarirai nawa suka zo ba rai. Mu biyu ne a ɗakin da dare. Ga rijistar gwamnati da muke cikewa dama, ga wannan an ƙaro. Don Allah ku gaya min gaskiya, wannan ƙidayar tana taimakon mara lafiya, ko aikin takarda ne da ake yi saboda baƙin da za su zo duba asibiti?

Mai Famasi:
Wa alaikumus salam. Sista, amsar tana cikin tambayarki. Na ga irin wannan a wani wurin da na yi aiki. Ana saura mako baƙi su zo aka yi fenti, aka liƙa takardu a bango, aka zauna aka cike fom na wata shida da biro ɗaya. Suna tafiya komai ya koma yadda yake. Sharar ranar zuwan baƙo ce kawai.

'Yar Zariya a Amurka:
Malam, abin da ka gani yana faruwa, amma ainihin wannan ƙidayar an ƙirƙiro ta ne don maganin abin da ka faɗa. Ni aikina kenan a nan, ina ofishin kula da ingancin aiki na wani asibiti, don haka bari in ɗan ja magana.

Hukumar da ta fi kowacce tantance asibitoci a Amurka ita ce Joint Commission, an kafa ta a 1951. Shekaru da yawa abin da take yi shi ne ta turo mutane duk bayan shekara uku su duba gini, kayan aiki, takardun ma'aikata da rubutattun ƙa'idoji. Asibiti zai iya cin wannan jarabawa tsaf alhali marasa lafiya na mutuwa a ciki saboda abin da za a iya kaucewa. A 1997 suka fito da wani tsari mai suna ORYX, wanda ya wajabta wa duk asibitin da ke son riƙe takardarsa ya riƙa aika alƙaluman aikinsa a kai a kai, ko da baƙo ko babu. Da farko an bar kowa ya zaɓi abin da zai auna, sai aka ga ba yadda za a kwatanta wannan asibiti da wancan. A 2002 aka tsayar da ma'aunai iri ɗaya ga kowa: bugun zuciya, gazawar zuciya, nimoniya, da ciki da haihuwa. Misali, cikin waɗanda suka zo da bugun zuciya, nawa aka ba asfirin da isowarsu?

Kuma a nan takardar ba ado ba ce. Tun 1965 doka ta ɗauki asibitin da hukumar ta tantance a matsayin wanda ya cika sharuɗɗan karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi. Rasa ta na iya durƙusar da asibiti.

Mai Famasi:
To ai shi ke nan Hajiya, kin faɗa da bakinki. Kuɗi ake karewa.

'Yar Zariya a Amurka:
Kuɗin ne ya sa shugabanni suka saurara, wannan haka ne. Amma ga abin da ya biyo baya. Akwai ma'aunin da ya ce mai babban bugun zuciya, daga shigowarsa ƙofa zuwa buɗe masa jijiyar da ta toshe kada ya wuce minti 90. A 2005 ƙasa da rabin marasa lafiya ke samun haka. Zuwa 2010 sun haura kashi 90 cikin 100. Ba sabuwar na'ura aka sayo ba. Da aka fara duba agogo sai aka gano inda lokacin yake zurarewa: jiran a kira babban likita, jiran ya kira ma'aikatan ɗakin buɗe jijiya ɗaya bayan ɗaya. Aka ba likitan imajansi ikon tayar da kowa da kira guda.

Wanda ya shafi ɗakinki kai tsaye, Maman Ilham, shi ne fito da jariri kafin mako 39 ba tare da dalilin lafiya ba, don dai ranar ta fi wa likita ko uwar daɗi. Irin waɗannan jarirai sun fi kwanciya saboda matsalar numfashi. A asibitocin da suka ba ƙungiyar Leapfrog mai auna ingancin asibitocin Amurka rahoto, abin ya kai kashi 17 a 2010, ya sauko ƙasa da kashi 5 a 2013. Kafin a fara ƙirgawa kowane likita cewa yake shi jefi-jefi yake yi.

Likitan Tiyata:
'Yar Zariya, tunda kin kawo minti 90, a faɗi ragowar labarin. An yi nazari a 2013 a mujallar New England Journal of Medicine, aka ga lokacin ya ragu daga minti 83 zuwa 67 tsakanin 2005 da 2009, amma yawan masu mutuwa a asibiti bai sauya ba. Masana sun yi ta ja-in-ja kan dalili, wasu suka ce ai marasa lafiyar da ake kaiwa ɗakin sun ƙaru kuma sun fi tsanani. Duk da haka darasi ne.

Sannan ga na nimoniya. An ce dole a ba mara lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 4 da isowarsa. Me ya faru? Duk wanda ya shigo da tari da haki, kafin hoton ƙirji ya fito an ɗura masa magani don kada agogo ya kama asibiti. Wasu ashe zuciya ce, wasu asma. A 2007 aka mayar da shi awa 6, daga baya aka janye shi gaba ɗaya. Mutanen da suka sha maganin da ba su buƙata fa, a wane fom aka rubuta su?

Ɗan Katsina a Ingila:
Likita ya taɓo inda yake min ciwo. A Ingila akwai ƙa'idar awa 4 a imajansi: cikin wannan lokaci a duba mutum, a ba shi gado, ko a tura shi wani wuri, ko a sallame shi. A 2004 an ce kashi 98 na marasa lafiya su samu haka, a 2010 aka sassauta zuwa 95. Ta rage jira da farko, ba mai musun wannan. Amma ku karanta abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009. Shugabanni sun duƙufa kan cika alƙaluma da tsimin kuɗi, aka rage ma'aikata. Masu karɓar baƙi a kanta, waɗanda ba su da horon jinya, su ke tantance wanda ya fi tsanani a imajansi. Tsofaffi na kwance cikin fitsarinsu, wasu ba mai ba su ruwa. Rahoton 2013 na binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta ya fito da shawarwari 290. Kuma iyalan mamata ne suka yi ta kuka har aka saurara.

A Amurka ma an yi na asibitin tsofaffin sojoji a Phoenix a 2014. An sa musu burin ganin mara lafiya cikin kwana 14, sai aka ɓoye jerin masu jira na gaskiya aka nuna na bogi. Sai da ministan ma'aikatar, Eric Shinseki, ya ajiye aiki. Duk inda aka ɗaura ladan mutum ko kujerarsa a kan lamba, lambar za ta gyaru ko aikin bai gyaru ba.

Maman Ilham:
Innalillahi. To ni yanzu kun ƙara rikita ni. In je in ce musu ba zan cike ba?

Baba Mai Rekod:
A'a 'yata, kada ki ce haka. Na yi aikin ɗakin kati har na yi ritaya, kuma ina gaya miki babu abin da ya fi cutar da marasa lafiyarmu kamar rashin sanin abin da ya same su bayan sun fita ƙofa.

Wannan magana ta girmi Joint Commission. Wani likitan tiyata a Boston, Ernest Codman, tun wajen 1910 ya ce kowane mara lafiya a yi masa kati, a bi sawunsa har shekara guda a ga ko aikin da aka yi masa ya yi amfani, idan bai yi ba a nemi dalili. Abokan aikinsa ba su so ba, har ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914. A ƙaramin asibitinsa ya buga sakamakon mutum 337 da ya sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 da hannunsa. Da ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta fara duba asibitoci a 1918, cikin 692 guda 89 ne kacal suka cika mafi ƙarancin sharaɗi.

Mu kuma fa? Na sha ɗauko folda in ga an rubuta ranar kwanciya, ba a rubuta abin da ya ƙare da mutumin ba. Ya warke? Ya rasu? 'Yan uwa sun sa hannu sun ɗauke shi saboda kuɗi ya ƙare? Shiru. Ƙarshen wata a ce in kawo adadin mace-mace. Wanda aka ɗauka yana numfashi sama-sama ya cika a mota kafin a kai gida, a takardata yana cikin waɗanda aka sallama. Idan wannan tantancewar za ta sa a fara rubuta irin wannan, ni ina maraba da ita.

Kawun Yara:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗinki nake yi, amma ku bar ni in sa baki. Matata an yi mata tiyatar haihuwa, aka sallame mu lafiya. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya fara fitar da ruwa mai wari. Ba mu koma can ba, wani wuri muka je kusa da gida aka yi ta wanke shi har ya warke. Wancan asibitin har gobe ba su san hakan ta faru ba. To idan Maman Ilham ta rubuta cewa ba wadda ɗinkinta ya yi ruwa, ba ƙarya ta yi ba, amma kuma ba gaskiya ba ne.

'Yar Zariya a Amurka:
Kawu, wallahi ka faɗi abin da ake koyar da mu a aji. Ƙa'idar ƙirga ruwan ciwo bayan tiyatar haihuwa kwana 30 ce daga ranar aiki, kuma yawancinsu bayan sallama suke bayyana. Asibitin da ba ya bin sawu zai fito da sifili, wanda yake bi zai fito da adadi mai ɗan yawa, mai kallo daga nesa ya ɗauka na farkon ya fi. Ni idan na ga sifili wata shida a jere ba murna nake yi ba, tashi nake in je sashen in tambayi yadda suke ƙirgawa.

Game da maganar Likita, hukumar da kanta ta karɓi wannan sukar. A 2010 shugabanta na lokacin, Mark Chassin, da abokan aikinsa suka ce kafin a ɗora wa asibiti wani ma'auni sai ya cika sharuɗɗa huɗu. Ya kasance akwai hujja mai ƙarfi cewa aikin yana taimakon mara lafiya. Ma'aunin ya iya nuna an yi aikin da gaske. Aikin ya kasance kusa da sakamakon, ba sai an bi matakai da yawa a tsakani ba. Sannan kada ya jawo wata ɓarnar. Da wannan aka zubar da irin su ma'aunin yi wa mai shan taba nasiha, domin an gano layi ɗaya ake bugawa a takardar sallama a ce an yi. Daga 2012 kuma aka ce asibiti ya kai kashi 85 a jimillar ma'aunan da suka tsira.

Sai dai nauyin da Maman Ilham ke kuka da shi gaskiya ne. A nan akwai nas-nas da ba sa taɓa mara lafiya, aikinsu karanta fayil su ciro alƙaluma, yanzu kuma da yawa kwamfuta ke cirowa kai tsaye. Ba adalci ba ne a kwafo jerinmu a ɗora wa ungozoma biyu masu aikin dare.

Likitan Tiyata:
Akwai wata matsalar da ta fi damuna. Ina aiki inda ake turo mana abin da ya gagari kowa: mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, an zaga da ita wurare, ta iso mahaifa ta fashe, ko tana jijjiga. Idan aka jera adadin mace-macenmu kusa da na asibitin da ke karɓar masu awo tun watan farko, mu za mu fito kamar mahauta. Kuma ranar da aka fara hukunci da wannan lamba, za ku ga ana cewa ba gado da zarar an hango mai tsanani a bakin ƙofa. A jihar New York da aka fara buga sakamakon kowane likitan tiyatar zuciya da sunansa a farkon shekarun 1990, mace-mace sun ragu, amma likitoci da yawa sun faɗa a binciken jin ra'ayi cewa sun fara gudun marasa lafiya masu haɗari. Can suna da lissafin da ke la'akari da tsananin ciwo. Mu da nauyin mara lafiya ma ba kullum ake rubutawa ba, da me za mu yi wannan lissafin?

Sannan a tambayi ita kanta takardar. A 2018 mujallar BMJ ta buga nazarin tsofaffi sama da miliyan 4 a Amurka, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a yawan mutuwa cikin kwana 30 tsakanin asibitocin da aka tantance da waɗanda gwamnatin jiha kawai ta duba.

Mai Famasi:
Allah ya saka da alheri Likita. Abin da nake faɗa tun farko kenan.

Baba Mai Rekod:
Ba shi kake faɗa ba, ɗana. Kai cewa kake a daina. Likita cewa yake a yi hattara da wanda ake kwatantawa da wa. Asibitinsa ya kwatanta kansa na bana da na bara, wa zai ce an zalunce shi?

Ungozoma Mai Karatu:
Yaya Maman Ilham, ni ɗaliba ce har yanzu, amma bari in kawo abin da ya faru a gidanmu. An yi wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, aka buga sakamakon a 2023. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Tushen abin awo ne. Maimakon ungozoma ta kalli zani da gado ta ƙiyasta jinin da ido, sai a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ke da layukan awo. Da jini ya kai layi, ba jira, a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Inda aka yi haka an gano zubar jinin a kashi 93 na matan da suka zubar, inda ba a yi ba kashi 51. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko buɗe ciki ko mutuwa saboda jini, ya ragu da kashi 60.

Abin da na ɗauka a ciki shi ne, fom ɗinki ya ce mata nawa suka zubar da jini, amma idan da ido ake aunawa kusan rabinsu ba za su shiga lissafin ba, kuma ba za a yi musu magani da wuri ba. Ki nemi ledar kafin ki karɓi fom.

Ɗan Katsina a Ingila:
Ƙanwata kin burge ni. Wannan awon mai aikin ne yake amfana da shi a daidai lokacin da mace ke gabansa. Irinsa ne aka yi a jihar Michigan, inda sassan kulawa ta musamman 103 suka riƙa ƙirga cutar da ke shiga jini ta bututun babbar jijiya, ana mayar musu da adadinsu, aka ba nas ikon tsayar da likita idan ya tsallake wanke hannu ko rufe mara lafiya da ƙyalle mai tsafta. Rahoton 2006 ya nuna raguwar kusan kashi biyu cikin uku. Lambar tana komawa wurin waɗanda suka tara ta. A Stafford sama take tafiya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na duba takardar da aka ba mu, tsarin SafeCare ne. Akwai wanda ya san shi?

'Yar Zariya a Amurka:
Na san shi. An kafa shi a 2011, haɗin gwiwar PharmAccess ta Holan, reshen ƙasa da ƙasa na Joint Commission, da hukumar tantance asibitoci ta COHSASA da ke Afirka ta Kudu. An yi shi ne don wuraren da ba za su iya cika sharuɗɗan manyan hukumomi a tashi ɗaya ba, shi ya sa yake da mataki biyar, ana hawa a hankali. Amma ki sani an gwada shi a Tanzaniya, aka buga a 2021: makin asibitocin a ma'aunin SafeCare ya ɗan ƙaru, amma da aka tura mutanen da aka horar su je a matsayin marasa lafiya, ba a ga magani ya inganta ba. Don haka hawa mataki kaɗai kada ya ishe ku.

Da ni ce ke, zan je wurin shugabar nas da buƙatu uku. A rage jerin zuwa abin da za ku iya ƙirgawa da gaskiya. A rubuta ma'anar kowanne a takarda ɗaya, misali daga wane lokaci agogon tiyata yake farawa, kuma a sa agogon bango guda da kowa zai duba, don na ga inda agogon ɗakin haihuwa da na tiyata suka bambanta da minti goma. Sannan duk wata a zauna da ku a nuna muku abin da ya fito, kuma a yi alkawari ba za a ci mutuncin wadda ta kawo adadi mara daɗi ba.

Likitan Tiyata:
Ki ƙara da na huɗu. A fom ɗin mintunan tiyata a bar gurbin rubuta dalilin jinkiri. Minti 30 da ake faɗa daga cewa a shiga tiyata zuwa fitowar jariri na mafi gaggawa ne, a Ingila mai bi masa minti 75 ne. A wurinmu abin da ke cin lokacin sau da yawa ba ya hannun ungozoma: miji ya tafi neman kuɗi, ba a samu mai ba da jini ba, mai sa barci yana gida, ana jiran a tayar da janareta. Idan lamba kawai aka rubuta, ke za a tuhuma. Idan da dalili, wata uku ya isa mai asibitin ya ga cewa tsarin biya kafin aiki ne ke riƙe mata a kan gado.

Mai Famasi:
Ina nan a kan bakana cewa mai asibiti takardar bango yake so don kamfanonin inshora su turo masa mutane. Amma idan za a yi, a sa da kwanakin da oksitosin ya yanke a famasi, da kwanakin da firij ɗinsa bai samu wuta ba. Wannan ni zan iya ƙirga shi ba tare da na tambayi kowa ba.

Kawun Yara:
Kiran waya fa? Da an kira mu bayan mako biyu da mun faɗa.

Maman Ilham:
Kawu shi na fara rubutawa. Muna karɓar lambar miji dama a kati, sai dai ba a taɓa amfani da ita ba sai don bin bashi. Zan nemi a ba mu waya da kati, mu riƙa kira a mako na biyu da kuma bayan wata. Matsalar wa zai yi kiran, don masu aikin safe ma ba su da sarari. Baba, a ganinka ma'aikacin ɗakin kati zai iya, idan an rubuta masa tambayoyin?

Baba Mai Rekod:
Zai iya, amma a samu mace ta yi kiran, kuma ta nemi a ba ta matar da kanta. Miji zai ce miki lafiya lau alhali bai ga wurin ba. Tambayoyin kada su wuce huɗu: akwai zazzaɓi, wurin ya kumbura ko yana ruwa, ya buɗe, kin je wani wuri an ba ki magani. Kuma a rubuta waɗanda ba a samu a waya ba daban, kada a zuba su cikin masu lafiya. Ki turo min hoton fom ɗin da aka ba ku ta akwatin saƙo in duba miki ginshiƙan kafin ranar taronku.